Jirgin U-9 na roba da na haɗa: ya ci kuɗinsa

Wata uku kenan da kwalin nan ya iso, ƙanina ne ya yi min odarsa daga Jamus, sai jiya da daddare na manna yanki na ƙarshe. Ƙaramin samfurin U-9 ne, jirgin yaƙi mai nutso na Jamusawa wanda aka ƙera a birnin Danzig ya fara aiki a 1910, na roba ne kai za ka haɗa abinka da gam. An rage girmansa sau 72, to da yake na ainihin ya kai mita 57, wannan ya tashi wajen santimita 80, ya cinye min teburi gaba ɗaya wallahi.

Robar tana da kyau sosai, har kan ƙusoshin jikin jirgin za ka ji su da yatsa. Abin da ya fi burge ni shi ne dogon bututun hayaƙin da ke tsaye a bayan hasumiya, saboda U-9 ba dizal yake sha ba, injin kananzir ne, in yana tafiya a saman ruwa farin hayaƙi yake tuttulawa ana hango shi daga nesa, kuma sai an kwantar da bututun kafin a nutse. Da na riƙe shi a hannu sai na fara tunanin mutum 29 a cushe cikin wannan abu da warin kananzir.

Kuma fa wannan ɗan jirgin ne, na ainihin, a yaƙin duniya na ɗaya ranar 22 ga Satumba 1914, a kusa da gaɓar Holan, kwamandansa Otto Weddigen ya nutsar da manyan jiragen Ingila uku da shi cikin kamar awa ɗaya. Jirgin Aboukir ya fara harba, sauran biyun, Hogue da Cressy, suka zaci nakiya ya taka sai suka matso suka tsaya kwashe mutane daga ruwa, nan ya bi su ɗaya bayan ɗaya, tofido, wato makamin da ake harbawa ta ƙarƙashin ruwa, shida yake da su duka ya harbe. Mutum sama da 1,400 suka mutu, da yawansu magidanta ne da aka kira daga gida, har da yara 'yan makarantar sojan ruwa. Ina fentin ƙofofin tofidon nan huɗu, biyu gaba biyu baya, sai da na ajiye buroshi na ɗan yi shiru. Bayan sati uku kuma ya ƙara nutsar da wani jirgin Ingilan, Hawke. Akwai 'yar sitika ta lambar yabon da Kaiser, sarkin Jamus, ya ba jirgin, wadda ake mannawa a hasumiya, na daɗe kafin na sa ta.

Inda na ji haushi, babu gam babu fenti a kwalin, kuma takardar bayani zane ne kawai ƙanana, sau biyu ina manna farfela a juye. Sandunan kan jirgin sirara ne ainun, ɗaya ta karye tun wajen cirowa sai da waya na maye gurbinta.

Ba na yara ba ne gaskiya, kar ka saya wa ɗan shekara goma. Amma mai haƙuri da ke son tarihin yaƙin duniya na ɗaya ya saya, sai dai ya tanadi gam da fenti ruwan toka tun kafin kayan su iso.