Gargaɗi ga masu jita: a kula da masu tallan fedal ɗin tuna a intanet

'Yan'uwa makaɗa, musamman masu buga jita a coci da wuraren biki da situdiyo, akwai wata damfara da ke yawo a shafukan saye da sayarwa na Facebook da zaurukan WhatsApp, kuma ta fi cin matasan da ke haɗa allon fedal ɗinsu na farko, wato ƙananan na'urorin da ake jonawa tsakanin jita da amfilifaya ana takawa da ƙafa. Mutum zai saka hoton tuna, wato fedal ɗin da ke nuna ko tsirkiyar jita ta saitu, mai suna irin su Boss TU-3 ko PolyTune, ya ce na hannu ne daga Turai, bai ji jiki ba, ya yanka kuɗin da bai kai rabin na sabo ba. Idan ka yi magana sai ya ce yana Legas, kusa da kasuwar Alaba, ka turo kuɗi zai saka maka a mota. Daga nan abu uku ne: ko kayan su ƙi zuwa, ko a aiko maka da matacce, ko a aiko da jabu cikin kwalin orijinal.

Ba banza suka zaɓi tuna ba. Wanda ya sayi fedal ɗin da ke sauya sauti, da ya taka zai ji da kunnensa ko yana aiki. Ita tuna aikinta a fitila yake, kuma yawancinmu da mun ga fitila ta kama sai hankali ya kwanta. Ɗan damfara ya san da haka. Zai turo maka gajeren bidiyo: ya saka batir, ya taka, jajayen fitilu sun haska, bidiyo ya ƙare. Babu jita a jone, babu amfilifaya, ba ka ga an kaɗa tsirkiya ko ɗaya ba. Fedal na iya kawo wuta alhali ba ya karanta sauti, ko yana karantawa amma ba ya wuce da shi gaba.

Wani ƙanina a harkar, yaro mai ƙwazo da ke buga jita a ƙungiyar mawaƙan cocinsu, ya kawo mini wanda aka aiko masa in duba. Kwalin tsaf, har da takardar bayani. Da na kwance ɗan sukurun da ke gaban matakin na ɗaga, sai ga mazaunin batir ya yi tsatsa kore, waya ɗaya an ɗaure ta da salatif. Na kai hanci kusa da ramin adafta, ƙaurin ƙuna yana nan. Wani ne ya taɓa jona masa wutar da ba tasa ba, aka goge jikin, aka ɗauki hoto. Da yaron ya kira mai kayan, cewa ya yi: "Oga, lafiya lau ya bar hannuna, wutarku ce ta ƙona shi." Washegari lambar ta daina shiga. Kuɗin nan tara su ya yi a hankali daga ɗan abin da ake ba shi bayan wasa, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai.

Maganar wuta kuwa a riƙe ta da kyau, don ita ce mafakarsu. Galibin waɗannan fedal suna cin wutar DC mai ƙarfin bolt 9, kuma tsakiyar filogin shi ne nagatif. Adaftocin da ke gidajenmu, na rediyo da na dikoda, da yawansu akasin haka suke, wasu ma bolt 12 ne. Da ka jona irinsu, ka ba mai kaya hujjar ɗora maka laifi ko da tun asali matacce ne. Gwajin farko a yi shi da sabon batir, ko da adaftar da aka yi domin fedal, kuma a ɗauki bidiyo tun daga buɗe kwali.

Hanya mafi sauƙi ta kama maƙaryaci ita ce ka fi shi sanin kayan, domin yawancinsu ba makaɗa ba ne, hoto kawai suka kwaso daga shafin wani. Boss TU-3 na kamfanin Roland ne na Japan, shi ya gaji TU-2 wanda ya fito a 1998. Fari ne, yana da jerin fitilu 21, kuma yana da ramin fita biyu: wanda aka rubuta OUTPUT yana yanke sauti idan ka taka don ka saita a shiru, wanda aka rubuta BYPASS kuma yana barin sauti ya wuce kullum. A bayansa akwai ramin wuta biyu, na shiga da na fita, don ya raba wa sauran fedal wuta. Idan hoton da aka nuna maka ramin fita ɗaya ne, ba shi ba ne. Sannan sautin jita yana ratsa da'irar lantarkinsa ko a kashe yake, wato idan babu wuta babu sauti. Duk wanda ya ce maka farin TU-3 yana wuce da sauti kai tsaye ba tare da wuta ba, ko bai san kayan ba ko ƙarya yake. Wani samfurinsa baƙi, TU-3W, shi ne yake da makunnin zaɓar hakan.

PolyTune kuma na TC Electronic ne, kamfanin da ya samo asali a Denmak, ya fito a 2010. Abin da ya yi suna da shi shi ne ka kaɗa tsirkiya shida gaba ɗaya, ya nuna maka wadda ta sauka da wadda ta hau a lokaci guda. To ka ce mai kaya ya yi hakan a gabanka. Jabu ba ya iyawa, sai ka ga fitilu suna ta rawa ba su tsaya ko'ina ba. Ƙananan samfurinsa, waɗanda ake kira Mini, ba su da wurin batir sam. Na taɓa ganin talla an rubuta cewa ƙaramin yana zuwa da batir a ciki. Wannan kaɗai ya isa ka wuce.

Farashi ma shaida ne. Sabon TU-3 a Amurka yana kaiwa wajen dala 100, kafin a yi maganar jirgi da kwastan da ribar ɗan kasuwa. Ka buga lissafinka da canjin yau. Waɗannan kaya ba sa saurin faɗuwa a kasuwar na hannu saboda ƙwarinsu, don haka mai orijinal lafiyayye ba shi da dalilin zubar da shi.

Akwai kuma salon da ba a aiko da komai. Ka tura kuɗi, a turo maka hoton kwali da sunanka a jiki da lambar wani wai direba. Can sai direban ya kira ya ce an tsare mota a hanya, ko kuɗin lodi bai cika ba, a ƙaro kaɗan. Direban da mai kayan bakinsu ɗaya, wani lokaci ma mutum ɗaya ne mai layi biyu. Ka lura da sunan da ya fito a asusun kafin ka tura. Idan ya bambanta da na shafin, sai ka ji an ce na matata ne ko na yaron shago. Ka lura kuma da gaggawa: wani ya riga ka magana, yau kaɗai ne wannan farashin, ka saka rabi a ajiye maka. Cinikin biri a sama ke nan.

Abin da nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni shi ne kada ya biya sai an yi kiran bidiyo kai tsaye, ba wanda aka naɗa ba. Mai kaya ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya ajiye gefen fedal. Ya juya ƙasan ka ga lambar da ke manne, ka haɗa ta da ta jikin kwali. Ya jona jita da amfilifaya, ya kaɗa tsirkiya ta biyar, ka ga harafin A ya fito ya tsaya, ya sassauta ta kaɗan ka ga fitila ta karkata hagu, ya ɗaure ta koma tsakiya. Ya taka ka ji sauti ya ɗauke, ya sake takawa ka ji ya dawo ba tare da ƙara ko gurnani ba. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, minti kaɗan ne. Idan ya fara cewa babu data, ko jita ba ta kusa, an gama magana. Wanda yake da ɗan'uwa ko aboki a garin, ya tura shi da jita da batir ya gwada da hannunsa, sannan a biya.

Idan kaya sun iso, ka duba cewa ma'aunin, wato lambar da tuna ke auna sautin A da ita, yana kan 440, domin ana iya matsar da shi, a TU-3 daga 436 zuwa 445. Wani sai ya ɗauka tunarsa ta lalace alhali lambar ce aka taɓa, ya hau dandamali jitarsa tana faɗa da kibod. Ka kwatanta da manhajar saita jita ta waya. Idan sun yi nesa da juna a kowace tsirkiya bayan ka daidaita lambar, akwai matsala.

Ni a ganina, wanda kuɗinsa bai kai ba bai kamata ya bi suna ba. Akwai masu araha da ake sayarwa da sunansu na gaskiya, irin su Behringer TU300 ko na Joyo, ga kuma ƙaramar tunar da ake maƙalawa a kan jita. Ba su kai manyan ƙwari ba, kuma wasunsu ba a ganin fitilarsu sosai a rana, amma ka san abin da ka saya, kuma za su kai ka har ka tara na babba.

Wanda abin ya riga ya faɗa masa, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana hirar da rasit ɗin tura kuɗi da lambar asusun, ya kira bankinsa a ranar ya shigar da ƙorafin damfara, domin da wuri ne ake iya riƙe asusu kafin a kwashe. Ya kai rahoto ofishin 'yan sanda ko EFCC, ya kai ƙarar shafin a Facebook, sannan ya sanar a zauren makaɗan garinsu da hoton tallan, saboda hoton nan ɗaya suke sake sakawa da sabon suna.