Gargaɗi ga masu motoci a Maraɗi kan damfarar fentin gwangwani

Ina jan hankalin masu motoci da direbobin taksi da dillalan motocin hannu a Maraɗi da kewayenta game da wata damfara da ta yi ƙarfi a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp, wadda ake yi da sunan sayar da kayan da mutum zai goge, ya fente parshok, wato robar kariya ta gaba da bayan mota, da marfin madubi da sauran robobin motarsa da kansa a gida. Fentin mota ne sana'ata, kuma abin da ya sa na yi wannan rubutu shi ne yadda ake ta kawo mana robobin da aka riga aka ɓata da waɗannan kaya, masu su suna cike da takaici bayan kuɗinsu ya salwanta, motar kuma ta fi da muni.

Tallar iri ɗaya ce ko da sunan shafin ya sauya. Ana nuna ɗan gajeren bidiyo na hannu riƙe da gwangwanin feshi a gaban parshok ɗin da rana ta cinye har ya yi fari-fari, a fesa sau ɗaya, sai ya koma baƙi wuluk yana sheƙi. A ƙarƙashin bidiyon ana rubuta cewa ƴar shafawa da sanfefar da ke cikin ƙunshin ta wadatar, gwangwani ɗaya ya ishi parshok na gaba da na baya, fentin yana kama kowace irin roba, kuma wanda ya turo hoton motarsa za a haɗa masa kalarta daidai. Mai tallar yakan ce kayan daga Dubai ko Jamus suka zo, suna ajiye a Yamai ko Kano, amma ba ya faɗin kasuwa ko layi ko lambar shago. Abin da yake buƙata shi ne a aika rabin kuɗin ta ɗaya daga cikin kamfanonin aika kuɗi, kuma sau da yawa sunan da zai bayar a aika wa ba shi ne sunan da ke kan shafin ba. Sun san lokacin da suka zaɓa. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kayan da a da ke shigowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kayan gyaran mota sun yi tsada, don haka duk wanda aka yi wa alkawarin sabunta parshok da kuɗi kaɗan dole ya tsaya ya saurara.

Bayan an biya, ɗayan biyu ne ke faruwa. Ko dai kayan ba su zo ba sam, sai a kira a ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ƴan duwan sun riƙe kayan a Ɗan Issa, sai an ƙara wani abu," a ƙara, a sake neman kuɗin direba, daga nan lambar ta daina shiga. Ko kuma ƙunshin ya iso tasha, yaron da ya kawo shi ya ce shi ɗan aike ne, ba zai bari a buɗe ba sai an cika sauran kuɗin. Wannan na biyun ya fi cutarwa, domin na farko kuɗi kaɗai yake ci, na biyu kuwa har da motar. Waɗanda aka kawo mini na duba, gwangwanaye ne na fentin arha da ake fesa wa ƙofar ƙarfe da keke, an ɓare takardarsu an manna wata sabuwa mai hoton mota, wasu ma da an ɗaga su za a ji an riga an taɓa amfani da su. Sanfefar mai kaushi ce ta aikin katako, sai kuma wata ƴar kwalba marar suna da suke cewa maganin kama roba ne, alhali warinta na diliyan ne tsantsa, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi.

Ko da fentin na kirki ne, alkawarin da suke yi ba zai yiwu ba, kuma a nan nake so mai karatu ya natsu. Duk wanda ya kwance parshok ɗinsa ya duba cikinsa zai ga an buga wasu haruffa a jikin robar, galibi PP ko PP+EPDM. Wannan roba an zaɓe ta ne saboda tana lanƙwasa ba ta karyewa, amma halinta shi ne fenti ba ya kama jikinta, sai an fara fesa mata wani ruwa na musamman da aka yi domin haɗa roba da fenti. Kafin wannan ma, sai an wanke ta da sabulu, an cire duk maiƙo da man sheƙin da masu wankin mota ke shafawa, domin ɗigon wannan mai ɗaya ya isa ya sa fenti ya buɗe ƙananan ramuka. Sannan a zo ga gugar sanfefa, wadda ita ce rabin aikin. Lambar da ke bayan sanfefa tana nuna laushinta, kuma gwargwadon girman lambar gwargwadon laushin. Ana daidaita wurin da ya karce da 180 ko 240, a bi da 320 ko 400 kafin a fesa apre, wato fentin share fage, idan ya bushe a sake bi da 600 ko 800 da ruwa kafin kala ta hau. Sanfefar da waɗannan mutane ke sakawa a ƙunshi ba ta wuce 60 ko 80 ba, kuma idan ta taɓa roba sai ta yi mata zane mai zurfi, ta tayar mata da gashi-gashi wanda babu fentin gwangwanin da zai rufe shi. Kala kanta ba a fesa ta sau ɗaya. Ana yin ta siriri-siriri sau biyu ko uku daga nisan kamar santimita 20 zuwa 25, ana jira tsakani, sannan a rufe da verni, wato rufin ƙarshe marar kala mai ba da sheƙi da kariya. Gwangwani na mililita 400 guda ɗaya ba zai gama wannan aiki a kan parshok ɗaya ba, balle biyu. Wanda ya tsallake matakan nan zai ga sheƙi a ranar farko, amma da zarar an kai motar wanki aka sa mata ruwa mai ƙarfi, fentin zai saluɓe kamar saɓar maciji.

Zancen haɗa kala daga hoto kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Kowace mota tana da lambar kalarta, galibi a kan ɗan allo ko takardar da ke jikin ƙofar direba ko ƙarƙashin marfin inji. A motocin Toyota, waɗanda suka fi yawa a titunanmu, lambar tana bayan haruffan C/TR, inda 040 ke nufin fari, 202 baƙi, 1F7 ruwan azurfa. Ko da lambar a hannu, mai fenti sai ya gwada ya gyara, saboda ranar Maraɗi ta riga ta sauya launin motar da ta yi shekaru a waje. Mai sayarwar da bai tambayi wannan lamba ba, bai yi niyyar haɗa wata kala ba tun farko.

Kwalbar nan marar suna ita ce ta fi tayar mini da hankali. Marfin madubi da wasu adon gaban mota galibi da robar ABS ake yin su, kuma diliyan mai ƙarfi yana narkar da ita, ta yi laushi, ta yamutse, ba ta kuma gyaruwa sai dai a sayi wata. Wasu an ce musu su goge gilashin fitila da sanfefar su shafa ruwan kwalbar. Gilashin fitilun motocin yanzu roba ne mai rufin kariya daga rana, idan aka goge rufin ba a mayar da wani ba, fitilar za ta sake yin ja-ja cikin ƴan watanni, idan kuma diliyan ya taɓa ta sai ta dishe ko ta tsattsage, direba ya shiga hanyar Tasawa ko Madarunfa da dare da hasken da bai kai ko'ina ba. Haka kuma suna rubuta 2K a jikin gwangwanin verni don a ɗauka irin mai ƙarfi ne. Gwangwanin 2K na gaskiya yana da wani maɓalli a gindinsa da ake dannawa don sinadarin daskarewa ya gauraya, bayan haka sai an yi amfani da shi cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma hayaƙinsa yana cutar da huhu, bai kamata a fesa shi a tsakar gida kusa da yara da murhu ba, ko da ƙyalle ɗaure a hanci. Nasu ba shi da wannan maɓalli, kuma idan fetur ya zuba a kansa sai ya yi laushi ya ɓaci.

Ba sa kuma faɗin komai game da yanayinmu. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, fentin yana bushewa a iska kafin ya sauka, sai jikin ya fito da kaushi. A lokacin hunturu ƙura ce ke zama a kan fentin tun yana ɗanye. A jikin gwangwanayen feshi ana gargaɗin kada zafi ya wuce digiri 50, amma ana ɗaure ƙunshin a saman motar haya ya wuni cikin rana. Idan aikin ya lalace mai mota ya koka, sai su ɗora masa laifi, su ce hannunsa ne bai iya ba, su tallata masa ƙunshi na biyu ko su nemi kuɗin shiga wani zauren koyarwa da babu komai a cikinsa sai bidiyoyin da aka kwaso daga intanet. Mu kuwa idan aka kawo mana, sai mun cire wannan fentin gaba ɗaya kafin mu soma namu, shi ya sa kuɗin gyaran yake fin wanda da za a biya tun farko.

Na san wani zai ce mai fenti ne ke kare abincinsa. Ban ce ba a iya wannan aiki a gida ba. Marfin madubi, hannun ƙofa da marfin taya duk mai haƙuri zai iya yin su da sassafe a inuwa, bayan ya yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Abin da nake roƙo shi ne a sayi kaya a shagon da ke da ƙofa da mai shi a zaune, a babbar kasuwa ko inda tolye, wato masu gyaran jikin mota, da masu fenti ke saye, a ɗaga gwangwanin a ji nauyinsa, a girgiza a ji ƙarar ƙwallon da ke ciki, a karanta ko an rubuta cewa na roba ne. Kafin a taɓa inda ido ke gani, a gwada a cikin parshok ɗin, a bar shi ya kwana ya bushe, a tsaga fentin da reza a gicciye, a manna salatef a fizge. Idan fentin ya biyo salatef ɗin, kada a ci gaba. Kada kuma a aika ko dala ɗaya ga wanda ba a san shagonsa ba, kada a cika kuɗin ƙunshin da ba a buɗe ba.

Waɗanda aka riga aka cuta, kunya ce ke sa yawancinsu yin shiru, kuma wannan shirun ne ke ba mutanen nan damar sauya suna su dawo da bidiyon nan dai. A adana resin aika kuɗin, a ɗauki hoton tallar da saƙonnin da aka yi musaya da lambar wayar kafin a goge shafin, a ajiye gwangwanayen da kwalbar yadda suka zo, sannan a kai ƙara komisariya, domin tun 2019 Nijar tana da dokar hukunta laifukan da ake aikatawa ta intanet. A kuma sanar da masu kula da zauren da aka ga tallar, tare da hujja, don su cire ta su toshe lambar.