Kafur ɗin akwati: yana aiki, amma a nisanta shi da kayan jarirai

Fararen ƙwallayen kafur da ake sayarwa cikin leda a babbar kasuwar Sakkwato, akasarinsu naftalin ne, sinadarin da ake samu daga kwaltar gawayin ƙasa ko ɗanyen mai. Ba shi ne kafur na itace da ake sawa a ruwan wankan gawa ba. Gwajin mai sauƙi ne: a jefa ɗaya cikin kofin ruwa. Na itace zai taso, naftalin zai nutse.

Wajen korar asu daga bargo, rigar sanyi da dardumar ulu, ya ci kuɗinsa. Sai zafi ya kai digiri 80 yake narkewa, amma tun kafin nan yana tashi daga ƙwallo ya zama iska kai tsaye, ba tare da ya zama ruwa ba. Wannan iskar ce maganin, shi ya sa zafin Afrilu, da ke wuce digiri 40 a garin nan, ke saurin cinye shi fiye da lokacin hunturu.

Inda ake kuskure shi ne watsa shi ƙarƙashin gado ko cikin durowa buɗaɗɗiya. Iskar ba ta taruwa ta kashe ƙwaro, mutanen ɗaki ne ke shaƙa. A wanke kaya su bushe sarai, a jera cikin akwati mai rufuwa gam, a ƙulle ƙwallayen a tsumma a ɗora daga sama, domin iskarsa ta fi iskar ɗaki nauyi, ƙasa take bi. In an buɗe, a shanya kayan a waje sannan a wanke.

Babban aibinsa yana ga jarirai. Yaran da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD mai kare jajayen ƙwayoyin jini, matsalar da ta yawaita a Najeriya musamman ga maza, naftalin na farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini, ko ta numfashi ko ta fata. Sai a ga shawara: ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar shayi. Wanki ɗaya ba ya fitar da shi, don ba ya narkewa sosai a ruwa. Saboda haka zanin goyo, shawul da kayan suna kada su kusance shi sam.

In yaro ya haɗiye shi a zaton alawa ce, kada a ɗura masa manja ko madara, maiƙo na ƙara shigar da shi jini. Kada kuma a sa shi amai. A kai shi asibiti nan take tare da ledar, ko da yana wasansa, domin alamun kan ɗauki kwana 1 zuwa 3 kafin su fito.