Yinin shiru a wurin 'yan Kweka: kuɗin shiru na biya, kiɗa aka ba ni

Tauraro uku cikin biyar na ba su. Da a ce da tsakar rana aka tambaye ni, ɗaya ma sai an roƙe ni.

Wata Baturiya da muke aikin dare tare a gidan kula da tsofaffi ce ta dame ni da zancen. Wai ɗakin taron 'yan Kweka (Quakers, masu wani addini da ake ibada cikin shiru) na garinmu, nan arewacin Ingila, ya shirya yinin shiru ranar Asabar, daga ƙarfe 10 zuwa 4, fam 10, kowa ya zo da abin da za a haɗu a ci. Ba sai kana addininsu ba. Ni da ƙararrawar kira ta gama cinye mini kunne, na ce ko fam 20 ne zan biya, in dai zan sami inda ba mai kiran sunana.

Asalinsu Kiristoci ne, tun zamanin George Fox, wanda ya kafa ƙungiyar a shekarun 1650, amma na Ingila ba su da fasto, ba waƙa, ba huɗuba. Iyalan Cadbury, waɗanda suka kafa kamfanin da ke yin Bournvita da TomTom ɗinmu, daga cikinsu suka fito. Kujeru ne a zagaye, tebur a tsakiya da furanni da Baibul da wani jan littafinsu na nasihohi. A zauna kawai. Wanda ya ji wata magana ta taso masa a zuci ya miƙe ya faɗa a taƙaice, ya koma ya zauna, kuma ba mai ba shi amsa.

Awar farko ban da abin cewa. Da fari kaina ya cika da lissafin haya da saƙonnin gida da ban amsa ba, can sai komai ya lafa, har ina jin tafiyar agogon bango da numfashin dattijon da ke kusa da ni. Rabona da irin wannan natsuwar tun zaman bayan asuba a ɗakin kakata.

Ƙarfe 11 daidai sai ga kiɗa. Ashe suna ba da hayar ɗakin da ke jikin namu, kuma ranar ajin rawa na yara ne a ciki. Jama'a, ba ƙaramin kiɗa ba, irin mai dukan ƙirji, har ruwan kwalbar furannin nan yana karkarwa. Malamarsu tana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu da iya muryarta, a tsayar da waƙar, a dawo da ita farko, a sake tsayarwa. Waƙa ɗaya tal! Na buɗe ido na duba mutane, ko mutum ɗaya bai motsa ba. Na ce yanzu wani zai tashi ya je ya yi musu magana. Ina! Haka muka sha shi har kusan sha biyu da rabi. Abin da ya ƙara tunzura ni, wani bawan Allah ya miƙe a tsakiyar hayaniyar ya ce wai dirin ƙafafun yaran ya tuna masa cewa shirun gaskiya a zuci yake. To Malam, in haka ne me ya fito da ni daga gida cikin sanyin nan bayan na kwana a tsaye? Ai da na yi zamana a tashar bas kyauta.

Da aka tashi hutu na sami matar da ta shirya taron. Ta ba ni haƙuri, ta ce masu rawar sun riga su kama ɗakin, kuma da kuɗin hayar ake biyan wuta da gyaran rufi. Na yarda, tsohon gini ne, ci yake. Amma me ya hana a rubuta a sanarwar? Layi ɗaya ya isa.

Na riga na ɗauki jakata zan tafi, abinci ya tsayar da ni, don jallof ɗina na kan teburin. Shi ma cikin shiru ake ci, sai ƙarar cokali. A nan ne wata tsohuwa, za ta haura tamanin, ta lura ina ta duba waya. Lokacin hunturu ne, azahar da la'asar a manne suke. Ta matso ta raɗa mini, "Salla za ki yi?" Na gyaɗa kai. Ta ja ni zuwa ɗan ɗakin littattafansu, ta janye kujeru da kanta duk da sandar da take dogarawa, ta kawo bargo mai tsabta ta shimfiɗa, ta jira na daidaita alƙibla a waya, sannan ta fita ta tsaya a bakin ƙofa har na idar. Da la'asar ban ma nema ba, ta taɓa kafaɗata. Su ba sa son a sa musu laƙabi, ta ce in kira ta da sunanta kawai, ni kuwa bakina ya ƙi, Mama na yi ta ce mata. Duk yinin ba wanda ya miƙo mini takardar wa'azi ko ya tambaye ni me ya kawo mai hijabi. Da aka rufe zaman da musabaha, yadda suka saba, na dafa ƙirji ga mazan, suka dafa nasu, shi ke nan. Don wannan kaɗai na so in ba su huɗu.

Sai dai wajen ƙarfe 3, ana tsakiyar zaman ƙarshe, aka fara jan tebura da hura balan-balan a ɗakin nan dai, wai bikin zagayowar ranar haihuwa za a yi da yamma. Ga na'urar ɗumama ɗaki ta mutu tun bayan abinci, yatsun ƙafata sun ƙandare cikin safa biyu. Huɗun nan ta koma uku.

Mai son gwadawa ya fara da zamansu na safiyar Lahadi, awa ɗaya ne kuma ba a biyan ko sisi. In kuma yinin kike so, ki sa rigar sanyi mai kauri, ki kira su tukuna ki tambayi wa ya kama ɗakin gefe ranar. Ni dai sai an nuna mini jadawalin ɗakunan kafin wata fam 10 tawa ta sake fita.