Vespar Baba ko Honda C70: wacce za a fara tasarwa?

Malam, na ga tambayarka. Ka ce akwai Vespar mahaifinka, Allah ya jiƙansa, da ta shekara goma sha wani abu a jingine a zaure, ga kuma maƙwabci yana son sayar maka da tsohuwar Honda C70 wadda ita ma ta daɗe ba ta yi tari ba. Kuɗin hannunka na gyaran guda ɗaya ne, kana son sanin wacce za ka fara da ita, kuma wacce ta fi karɓar kwaskwarima. Duka biyun sun taɓa cin kuɗina, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Kafin ka taɓa kik, kwantar da Vespar a kan tsohuwar katifa ka leƙa ƙarƙashinta. A nan hukuncin yake. Wanda ya zana ta a 1946, Corradino D'Ascanio, injiniyan jiragen sama ne da ke wa kamfanin Piaggio aiki a Italiya, kuma bai yi mata ƙashin baya na bututu irin na sauran babura ba. Farantin ƙarfe aka matse aka haɗa, ya zama shi ne jikin, shi ne kuma shasin. Wannan faffaɗan wurin da Baba yake ɗora ƙafa, da tudun da ya ratsa tsakiyarsa, su ke riƙe gaba da baya. Idan tsatsa ta cinye su, babur ɗin ya karye a ƙugu, ko da injin yana tashi bugu ɗaya. Ɗaga shimfiɗar robar, ka sa sukundireba ka danna wurin da tsayuwar babur take ɗaure, da gindin birkin ƙafa, da inda ruwa ke kwanciya. In ƙarfe ya amsa da ƙara, alhamdu lillahi. In ya lotsa kamar gwangwanin madara, aikin ya tashi daga hannun bakanike ya koma na mai walda da mai bugun bodi, kuma ba kowane mai walda ba ne zai yanke ƙasan Vespa ya mayar ba tare da ta karkace ba. Vespar da ta karkace kuwa, har abada tayar gaba da ta baya ba za su bi sawu ɗaya ba.

Ni wannan ne ya taɓa cin ni. Na sayi wata tana ƙyalli, sabon fenti ruwan ƙwai, ashe abin da ke ƙarƙashi duk cikon bodi ne aka shafe ramuka da shi. Wata uku fentin ya fara tsagewa a tsakiya. Tun daga nan ba na zuwa duba tsohon babur sai da ɗan maganaɗisu a aljihu: inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne.

Hondar ma ƙarfe matsattse ne ƙashinta, kuma tana tsatsa, musamman can baya ƙarƙashin kujera inda taya ke watso laka, da wurin da shokazoba ke ɗaure. Duba nan ɗin da kyau. Amma farar garkuwar ƙafar nan roba ce, kusoshi ne ke riƙe da ita, ba ta ɗauke da nauyin komai. Ta fashe, ka cire ka sa wata.

Sai injin. Na Vespa mai bugu biyu ne, ba bawul, ba sarƙar taimin, ba ma sarƙar taya, domin tayar baya a jikin giya take kai tsaye. Kayan cikinsa kaɗan ne, shi ya sa masu ita ke cewa ba ta mutuwa. Gaskiya ne, amma zaman shekara goma yana busar da robobin sil na karanshaf. Sil ɗin da ya bushe zai riƙa shaƙar iska ko ya zuƙo man giya, sai ka ga babur yana ta ihu ba ka murɗa totur ba, ko fulogi yana jiƙewa kullum, ƙarshe fistin ya kama. Canza na ɓangaren kuloci yawanci sai an raba injin gida biyu. Tunda an buɗe, a canza har da ɗan ƙarfen nan mai siffar gicciye da ke zaɓar giya, don shi ne idan ya cinye giya ke fita da kanta kana tsakar tafiya. Sannan ga wayoyi: biyu na giya, ɗaya na kuloci, na totur, na cok, na birki gaba da baya, yawancinsu a cikin jiki suke bi. Saita wayoyin giyan nan biyu kaɗai ya isa ya nuna maka ko bakaniken ya san Vespa ko lalube yake. Kuma kada ka manta da haɗin mai: samfurin Super, Sprint da PX marasa tankin mai na daban suna son kashi 2 cikin 100, wato mililita 20 na man injin mai bugu biyu a kowace lita ta fetur. Ba a zuba mata baƙin man mota a ce ai duk mai ne.

Injin Honda mai bugu huɗu ne, kayan cikinsa sun fi yawa, amma ya fi haƙuri da mai koyo. Sau da yawa C70 da ta shekara a ajiye abin da take nema bai wuce a wanke tanki da kafireta, a sa sabon fulogi, a juye tsohon baƙin mai (bai ma kai lita ɗaya ba), a saita bawul a kan 0.05 na milimita, a goge kwantak in mai batir volt 6 ce ta kafin zuwan CDI, akwatin wutar da ya maye gurbin kwantak. In tana hayaƙi, ringi da fistin. In tana kaɗa ƙara kamar ana jan carbi a cikin kwano, sarƙar taimin ce ta saki. Duk wannan kana iya yi a tsakar gida da sifana 10, 12, 14 da 17. Giya uku ce, ba hannun kuloci, ka taka kawai ta shiga. Wajen ƙarancin shan mai kuwa, ba a ma kwatanta ta da Vespa.

Inda Honda ta yi wa Vespa nisa shi ne kayan gyara da masu gyara. An fara ƙera Super Cub, dangin da C70 ta fito daga ciki, a 1958, zuwa 2017 an yi guda miliyan 100, kuma kamfanonin Sin irin su Lifan da Loncin a kan wannan kwantaccen injin suka gina nasu. Ƙananan baburan nan na roba-roba da suka cika titunanmu jikokinta ne. Saboda haka yaron bakanike da bai taɓa ganin C70 ba, da ya buɗe injin zai gane gida. Taya inci 17 ce, akwai ta a kowane shago. Ita kuwa Vespa, kayanta ba su ɓace ba, albarkacin Indiya: Bajaj ta yi ta ƙera Chetak tun 1972 a kan tsarin Sprint, LML ta Kanpur kuma ta yi ta a kan tsarin PX, har yau ana samun kayansu. Sai dai wani ya dace, wani sai an goga, ingancin ma hawa-hawa ne. Na asali sai ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Katako in kana Yamai, ka yi ta tono cikin tarkace. Abin da ya fi kayan wuya shi ne mutum. Masu gyaran Vespa na gaske yawancinsu sun manyanta, yaransu sun koma kan Boxer da Keke. In akwai irin wannan dattijo a garinku, je ka gaishe shi tun kafin ka sayi ko da wasali, ka zauna ka ga yadda yake aiki.

A kan hanya ma halinsu daban. Ƙaramar tayar Vespa, inci 8 a Super, inci 10 a Sprint da PX, ba ta shiri da rami ko yashi, ga nauyin injin a gefen dama, sai ka saba. Amma wa ya kai ta mutunci ranar Juma'a? Ka zauna da babbar riga ba ka ɗage ƙafa ba, ba sarƙar da za ta kama maka gefe, ga safayar taya a jiki. Shi ya sa malamai da dattawa suka riƙe ta. In ka zo cire tayar, lura: wilinta gida biyu ne da aka ɗaure da noti, sace iskar tukuna kafin ka kwance notin da suka haɗa su.

Batun kwaskwarima, a nan zan yi son kai. Honda ce abin wasa. Injin Sin mai cc 110 yana zama a mazaunin na C70 da ƙusa biyun nan, sai gyaran waya zuwa batir volt 12 da ɗan daidaita salansa da matakin ƙafa. Matasan Indunusiya da Tailan sun mai da wannan sana'a: a cire garkuwa, a rage bayan, a sa kujerar mutum ɗaya da faffaɗar taya. In za ka yi haka, ajiye injin asali da duk abin da ka cire a buhu, kuma kada ka yanka ƙashin, don abin da aka kwance ana mayarwa. Ka kuma tuna birkin na injin C70 mai cc 72 ne, ƙaramin ganga gaba da baya, kuma cokalin gaban nan ɗagowa yake idan ka damƙe birki. Ƙarin gudu a kansa sai da hankali. Vespa ma ana yi mata, akwai bulok mai cc 177 da kamfanin Polini ke yi wa mai cc 150, kuma samarin Ingila na shekarun 1960 sun yi ta jera mata madubai da fitilu. Amma ƙara bulok ba tare da canza jet na kafireta ba hanyar kama fistin ce, kuma ni dai ba zan huda jikin Vespar mahaifina don in ɗaura fitila ba. Fentinta na asali, ko ya koɗe, in ba tsatsa, wanke shi ka goge kawai.

To, ni a matsayinka Hondar zan fara da ita, muddin maƙwabcin yana da takardu kuma lambar shasi ta dace da abin da ke rubuce. In ba takarda, bar masa kayansa komai arha. A kanta za ka koyi kafireta, waya da haƙuri, da kuɗi kaɗan, kuskurenka kuma ba zai taɓa abin gado ba. Vespar kuma kada a bar ta haka: juye ruɓaɓɓen fetur ɗin, cire fulogi ka ɗiga ɗan mai a ramin ka taka kik a hankali sau biyar ko shida, ɗora ta a kan katako tayoyin su bar ƙasa, ka shafa baƙin mai a ƙarƙashinta, ka matsar da ita daga inda rufin zauren ke yoyo. Kuma ka gaya wa yaran gida, in 'yan gwangwan sun zo, ba ta sayarwa ba ce. Turo mana hoton ƙarƙashin nata da lambar da ke jikin shasi, mu gane ko Super ce ko Sprint.