Yis ɗin Saf-instant a gidajen burodin Garwa da Marwa na Kamaru: mai jan kwali da mai ruwan zinariya

Wannan busasshen yis na kamfanin Lesaffre ne na Faransa, ana sayar da shi a ƙunshin giram 500 da aka zuƙe wa iska. Kafin ka biya kuɗi, matsa ƙunshin. In ya yi tauri kamar bulo, lafiya lau. In ya yi laushi, iska ta shiga, mayar wa mai kanti abinsa.

Mai jan kwalin na kwaɓin da ba shi da sukari da yawa ne, irin doguwar burodin da ake ci da shayi da safe. Giram 8 zuwa 10 ya ishi kilo ɗaya na fulawa, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗanyen yis. A nan ba shi da abin kushewa, kuma dalilin yana cikin ƙwayar yis ɗin kanta. Yis halitta ce mai rai, Saccharomyces cerevisiae. Da farko tana cin ɗan sukarin da ke cikin fulawa. In ya ƙare, sai ta koma kan maltos, wani nau'in sukari da ke fitowa daga sitaci, kuma don ta ci shi dole ribosom ɗinta, wato masana'antun furotin na cikin ƙwaya, su ƙera sababbin furotin guda biyu: mai shigo da maltos ta bangon ƙwaya, da mai farfasa shi. Muddin akwai gulukos, sukarin da ta fi so, ƙwayar ba ta ɓata ƙarfinta a kansu. Har mai shigo da maltos da ta riga ta dasa a bango sai ta liƙa masa yubikitin, alamar abin zubarwa, ta kai shi inda ake narkar da shi. Shi ya sa wani lokaci kwaɓi ke ɗan yin sanyin tashi a tsakiya, sannan ya farfaɗo. Kada a ƙara yis a wannan gaɓar, haƙuri kawai ake so.

In sukari ya haura kashi 10 cikin ɗari na nauyin fulawa, kamar burodi mai zaƙi, jan kwali yana jan ƙafa. Sukarin yana tsotse ruwan ƙwayar, sai ta dakatar da yawancin ƙirar furotin, ta koma tara sinadarin gilisarol don riƙe ruwanta. Irin wannan kwaɓin aikin mai ruwan zinariya ne.

Babbar matsalarmu zafi ce. A watan Maris da Afrilu Marwa tana wuce digiri 40, masu burodi kuma suna kwaɓi da ruwan ƙanƙara don kwaɓin ya tsaya wajen digiri 24 zuwa 26. Dabarar daidai ce, amma kada ruwan sanyin ya taɓa yis kai tsaye. In ruwa ya taɓa shi, bangon busasshiyar ƙwaya yana yoyo kafin ya koma daidai, a cikin sanyi kuma yana daɗewa bai toshe ba. Sai sinadarin gulutatiyon ya zubo, ya tsittsinke igiyoyin gulutin, furotin ɗin fulawa mai riƙe kwaɓi, kwaɓi ya saki jiki yana manne wa hannu. A cuɗa yis da fulawa tukuna, ko a barbaɗa shi bayan minti ɗaya ko biyu da fara kwaɓi. Mai son jiƙawa ya yi da ruwa mai ɗumin digiri 35 zuwa 38.

Kwaɓin da aka bari gefen tanda kuwa, furotin ɗin ƙwayar suna fara lanƙwashewa suna cuɗewa. Wasu furotin masu gyara, Hsp104 da Hsp70, su ke warware dunƙulen, wanda ya lalace ƙwarai a jefa shi furotiyasom, injin niƙan ƙwayar, a niƙe. Amma gyaran yana da iyaka: wajen digiri 55 zuwa 60 ƙwayar ta mutu.

Abin da ban so ba shi ne girman ƙunshin ga mai fanke a gida. Wannan ne ya sa 'yan tebur ke ƙulla shi a ƙananan leda, ya wuni a rana, kuma da zarar an buɗe, iska da danshi suna cin ƙarfinsa. In ka sayi irin wannan, gwada: ƙaramin cokali na yis, na sukari ɗaya, rabin kofi na ruwa mai ɗumi. In minti 10 ta cika babu kumfa a sama, kada ka ɓata fulawarka. Ragowar babban ƙunshi kuma a juye a kwalba mai murfi, a sa a firji.