Hayar jagoran gudu a tsaunukan Fetiye: ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

A garin Fetiye, wanda ke bakin Bahar Rum a lardin Mugla, kudu maso yammacin Turkiyya, akwai ƙananan kamfanoni da sana'arsu ita ce su ɗauko baƙo daga masaukinsa su kai shi gindin tsauni, su haɗa shi da jagoran da zai yi gudu tare da shi cikin daji, sannan su tarbe shi da mota a wani ƙauyen su mayar da shi gari. Na yi hulɗa da ɗaya daga cikinsu lokacin da na ziyarci ƙanena da ke karatu a ƙasar, kuma tun da na dawo ƙauyenmu a ƙaramar hukumar Gwaram, samarin da muke fita motsa jiki tare bayan sallar asuba, musamman masu shirin neman aikin soja da na 'yan sanda, suke tambayata ko da gaske ne akwai inda ake biyan kuɗi don a raka mutum gudu. Da gaske ne. Ra'ayina kuma shi ne kuɗin ya halatta a wani sashe na hanyar, a wani sashen kuwa asara ce kawai. Na sakaya sunan kamfanin saboda zan faɗi aibunsa yadda zan faɗi alherinsa.

Abu na farko da ya kamata mai biya ya sani shi ne hanyar ba ta kamfanin ba ce, kuma ba a sayar da ita. Yawancin inda suke kai mutane yana kan Hanyar Likiya ne, doguwar hanyar ƙafa da ta haura kilomita 500, wadda ta tashi daga yankin Fetiye ta bi gaɓar teku da tsaunuka har kusa da Antaliya. Wata 'yar Birtaniya mazauniyar Turkiyya, Kate Clow, ita ce ta haɗa tsofaffin hanyoyin makiyaya da na alfadarai ta fitar da ita, aka buɗe ta a 1999. An shafa fenti ja da fari a jikin duwatsu da itatuwa don nuna inda za a bi, an kuma yi alamar gicciye da jan fenti a bakin duk wata ɓarauniyar hanya da ba ita ba ce. Saboda haka wanda ya biya jagora ba hanya ya saya ba, sanin ruwa da lokaci da haɗari ya saya, tare da motar da za ta dawo da shi.

A kan wannan ma'aunin, sashen da ya tashi daga cikin gari zuwa Kayakoy, sannan ya gangara bakin tekun Oludeniz, ba ya buƙatar jagora. Ana fita ne ta gefen kaburburan nan da aka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda mafi shahararsu, na Amintas, ya samo asali tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, a hau tudu cikin inuwa a sauka wani kwari mai gonaki. Kayakoy kufai ne na ɗaruruwan gidajen dutse marasa rufi, waɗanda Kiristoci masu magana da harshen Girka suka bari, kuma musayar jama'a da aka yi tsakanin Girka da Turkiyya a 1923 ita ce ta rufe babin zamansu a can. Wuri ne da ya cancanci a gani, amma hanyarsa a cike take da mutane, alamunta a bayyane suke, ga kuma ƙananan motocin haya da suke kira dolmush suna zirga-zirga tsakanin wuraren uku a kan kuɗi kaɗan. Jagoranmu bai yi wani aiki a nan ba face ba da tarihin da aka riga aka rubuta a allon bakin ƙofa.

Inda ya ci guminsa shi ne sashen da ya tashi daga ƙauyen Obajik zuwa na Faralya, tafiyar kilomita 13 zuwa 15 gwargwadon inda aka fara da inda aka tsaya. Hanyar tana ratsa kafaɗar tsaunin Babadag, mai tsayin mita 1,969, wanda masu sauka da laima suke dirowa daga ƙolinsa zuwa bakin teku, kuma rabinta na farko hawa ne da ba ya sassautawa, teku yana hannun dama can ƙasa, bangon dutse yana hagu. Dutsen yankin farin dutse ne irin wanda ake yin siminti da shi, mai ramuka da tsaguwa, wanda ruwan sama ke nutsewa cikinsa maimakon ya kwanta a sama, shi ya sa mutum zai yi tafiya mai nisa cikin daji kore shar bai ga ko ɗigon ruwa ba. Akwai tsofaffin rijiyoyin tara ruwan sama a gefen hanya, amma ruwansu ba na sha ba ne sai an tace, wasu ma a bushe suke. Jagoran ya san wane famfo ne yake kawo ruwa a ƙauyukan Kozagach da Kirme, ya san nisan da ke tsakaninsu da ƙafar mai gudu, ba da awon taswira ba, kuma kafin mu tashi sai da ya ɗaga goran kowa ya ji nauyinsa, ya mayar da wani Bature mota ya ƙaro ruwa. Wannan kaɗai ya isa dalilin biya ga baƙon da bai san ƙasar ba.

Abu na biyu da na amfana da shi a wurinsa shi ne koyar da gangara. Mu da muka saba gudu a jigawa da hanyar burji, ƙarfinmu yana ga numfashi da juriyar zafi, kuma a wajen hawa ban ga wanda ya fi ni a ayarin ba. Sauka kuwa wani ilimi ne daban. Itatuwan dajin dogaye ne masu siraran ganye masu tsini da danƙo mai ƙamshi, kuma busasshen ganyensu idan ya taru a kan dutse yana da santsi kamar an shanya gero a kan daɓen siminti, ga tsakuwa mai kaifi da ke mirginawa a ƙarƙashin ƙafa. Jagoran ya nuna mana a gajarta taku, a sassauta gwiwa, a ɗan buɗe hannuwa, a kuma riƙa duban taku uku ko huɗu a gaba maimakon kallon yatsun ƙafa, domin mai jan jiki baya don tsoro shi ne yake fara zamewa, kuma nauyinsa duka a kan gwiwa da gaban cinya yake ƙarewa. Bai tsaya ga faɗa da baki ba, ya riƙa komawa baya yana bin mu ɗaya bayan ɗaya yana gyara mana.

Haka nan ya san garkunan awaki da karnukansu, waɗanda manya ne ƙwarai kuma ba sa ƙaunar ganin mutum a guje. Da ya hango garke sai ya sa kowa ya koma tafiya, mu dunƙule wuri ɗaya, ya ɗaga murya ya gaida makiyayin tun daga nesa. Ya kuma kauce da mu daga layukan akwatunan zuma da ke bakin hanya, domin lardin Mugla ya yi suna wajen zumar da ake samu daga waɗannan itatuwan. A Faralya, inda ake leƙa Kwarin Malam-buɗe-littafi daga sama, wasu a cikinmu sun matsa a sauka ta hanyar igiyoyin da ke jikin dutsen, ya ƙi ƙememe, kuma gaskiyarsa ce, saboda an sha rasa rayuka a wannan gangaren.

Batun lokaci ma yana cikin abin da kamfanin ya yi wa ƙanena bayani dalla-dalla tun kafin in taso, kuma na yaba. Yanayinsu kishiyar namu ne: ruwansu a lokacin sanyi yake sauka, watannin daminarmu kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, su ne lokacin fari da tsananin zafinsu, zafi mai haɗe da gumin teku wanda ba ya barin zufa ta bushe. A irin wannan lokaci ne gobarar 2021 ta cinye dazuzzuka masu yawa a Manabgat da Marmaris da Milas, kuma a 'yan shekarun nan hukumar lardi takan hana shiga daji a watannin zafi, tare da tara ga wanda ya karya dokar. Watannin Afrilu da Mayu, sai kuma Oktoba da farkon Nuwamba, su ne na wannan harka.

Aibun kamfanin mafi girma shi ne rashin sammako. An yi mana alkawarin tashi da sassafe, amma motar ta riƙa zagaya otal-otal tana jiran waɗanda ba su gama karin kumallo ba, har sai da hantsi ya dubi ludayi kafin mu taka hanya, ta yadda hawan da ya kamata a yi cikin sanyin safiya ya faɗa cikin rana. Ga wanda ya idar da sallar asuba ya zauna da takalmi a ƙafa yana jira, wannan ɓata lokaci ne mai ciwo. Sannan sun haɗa masu gudu da masu yawon buɗe ido a ayari ɗaya ƙarƙashin jagora guda, sai aka wayi gari ana tsayawa a kowace kwana don ɗaukar hoto, jiki ya yi sanyi, a sake tayar da shi. Takardar tallarsu kuma tsawon hanya kawai ta ambata, ba ta faɗi yawan hawa ba, alhali kilomita 14 a tsauni ba ta da dangantaka da kilomita 14 a fili, kuma na tabbata wannan ne ya yaudari wata dattijuwa da ta shigo ayarin, wadda a ƙarshe sai a Kirme mota ta ɗauke ta. Farashin ma da kuɗin Yuro suka yanka mana shi, ba da Lira ba, wanda idan aka mayar da shi Naira ba ƙaramin kuɗi ba ne ga malamin makaranta.

Ta fuskar addini da abinci ban sami matsala ba. Ƙauyukan na Musulmi ne, akwai masallatai da wurin alwala, kuma da na ce zan tsaya azahar jagoran bai nuna ƙosawa ba. Abincin da aka haɗa cikin kuɗin, wata faffaɗar wainar fulawa ce da matan ƙauye ke cusa wa cuku ko alayyafo su gasa a kan ƙarfe, da kindirmo da aka dama da ruwa da gishiri, wanda yake mayar wa jiki gishirin da zufa ta fitar. Sai dai a sani cewa shigar abokan tafiya, da ta mutanen bakin ruwan Oludeniz, ba irin wadda idonmu ya saba da ita ba ce.

Wanda Allah ya kai shi yankin, ko ɗalibi ko ɗan kasuwa, ina ganin ya nemi a yi masa ciniki a kan ranar Obajik zuwa Faralya kaɗai, ya tambayi ƙarfe nawa za a fara gudun, ba ƙarfe nawa mota za ta zo ba, ya kuma tambaya ko ayarin na masu gudu ne zalla. Kamfanin ba ya ba da hayar takalmi, kuma kambas mai sulɓin tafi irin wanda samarinmu ke saya a gwanjo ba zai kai Kozagach lafiya ba. Ana buƙatar mai kauri da haƙora a tafi, mai tauri a baki don kare yatsu, wanda ya ɗara ƙafa kaɗan saboda kumburi da gangara, kuma gara a fara horar da shi da gwiwoyi a duwatsun Birnin Kudu ko na Dutse tun kafin a sayi tikitin jirgi.